Gidan Gunnebo: gyara ne ko sabon gini?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana gini game da gidan Gunnebo da ke Mölndal, kusa da birnin Gothenburg a ƙasar Suwidin, wanda attajiri John Hall ya gina domin hutun lokacin zafi, aka kammala shi a 1796. Na ji cewa wasu gine-ginen harabar sun daɗe da ɓacewa kafin a sake tayar da su. Shin ya dace a kira wannan gyara?

Tsohon kafinta: Wa alaikumus salam, Malam. Babban gidan dai na asali ne, kuma da katako aka yi shi, ko da yake an tsara fuskarsa yadda mai hange daga nesa zai rantse dutse ne. Bayan rasuwar Hall a 1802 ɗansa ya gaji dukiyar, jarinsa ya karye a 1807, gidan ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, kayan ɗaki kuma suka watse. Hukumar Mölndal ta saye shi a 1949, aka buɗe shi ga jama'a a 1952. Abin da ya ceci aikin shi ne zane sama da 200 da mai tsara ginin, Carl Wilhelm Carlberg, ya bari, waɗanda suka haɗa har da kujeru da murhun ɗumama ɗaki, saboda haka masu gyara ba su yi shaci-faɗi ba.

Ɗalibar tarihi: Baba, na yarda da kai a kan babban gidan, amma ɗakin rainon itatuwan lemo da aka fara sake ginawa a 2013 sabon gini ne, komai amincin zanen, domin katakonsa bai ga zamanin Hall ba. Ya kamata a riƙa faɗa wa baƙi haka ƙarara.

Tsohon kafinta: Gaskiyarki, Malama, kuma ba ɓoyewa ake yi ba. Sai dai ki lura cewa da gatari da sauran kayan aikin hannu irin na ƙarni na 18 aka sassaƙe gungumen. Wanda ya taɓa riƙe gatari ya san sawunsa a jikin katako ya bambanta da shafen inji, kuma ta wannan aikin ne matasan kafintoci suka koyi sana'ar da ta kusa ɓacewa. A nawa ganin, a kira shi sabon gini a kan tsohon zane, a bar kalmar gyara ga babban gidan.