Bindigar kaboyi: wace kalma za mu ba ta?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Jama'a, a agaza min da kalma. Ina fassara labarin wani gwanjo da aka yi a Amurka a 2016, inda aka sayar da tsohuwar bindigar Winchester ƙirar 1886, mai lambar masana'anta 1, a kan dala miliyan 1 da dubu 265. Ita ce aka ba Kyaftin Henry Lawton kyauta bayan Geronimo, jagoran ƙabilar Apache ta 'yan asalin Amurka, ya miƙa wuya. Aiki na tafiya sumul har na iso kan sunan irin bindigar, lever-action, nan alƙalami ya cije. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin kaboyi ya san ta: mutum ya harba, ya tura hannu ƙasa ya dawo da shi, ƙwas-ƙwas, ya sake harbawa. Na rubuta "mai liba" na karanta wa ƙanena, sai ya ce wai labarin ƙwallo ne? A gaba kuma akwai carbine da engraved suna jirana.

Tsohon soja: Wa alaikumussalam. Malam, kafin a raɗa suna a fara ganin jaririn. A ƙarƙashin bindigar akwai ƙarfe mai zobe wanda ya kewaye kunama. Yatsu uku na ciki, manuniya na kan kunama. In ka tura shi ƙasa, abin da ke toshe bayan harsashi ya ja baya, ya fizgo kwanson da ya ƙone ya cilla shi sama, ya ɗana bindigar, wani ɗan cokali kuma ya ɗago sabon harsashi daga bututun da ke kwance ƙarƙashin hancinta. Ka dawo da hannu, harsashi ya shige mazauninsa. Wadda Benjamin Tyler Henry ya ƙera a 1860 tana cin harsashi 15 a wannan bututun, a zamanin da yawancin sojoji ke ɗura albarushi ta baki kamar adakar maharbanmu. Ni dai "mai mariƙi" zan ce.

Malamar Hausa: Baba, Allah ya ƙara girma, amma kowace bindiga ai tana da mariƙi. Buta ma tana da shi. Mu duba yadda iyayenmu suka yi. Da suka ga bindiga mai ɗamarar harsasai, ba su tsaya tambayar Bature sunanta ba, suka ce mai jigida. Abin da ke jan harbi suka ce kunama, don lanƙwasar wutsiya da kuma harbin. Ta maharba kuwa harba-ka-ruga, sunan da ya haɗa bayani da gargaɗi. Duka sun ɗauko abin da ido ya sani a gida suka ɗora wa baƙon abu. To mene ne a gidan Bahaushe ya yi kama da wannan ƙarfen?

Jikan maƙera: Hannun famfon burtsatse. Ka danna ƙasa, ka ɗago, abu ya fito. Mai famfo.

Tsohon soja: A'a ɗana, bar famfo inda yake. Akwai wadda ake ja wa hannun gaba baya a tura, irin ta 'yan banga, wadda kowa ke ce wa fam-akshin. In za a Hausantar da ita, ita ce mai famfo. Kada mu aurar da yarinya ɗaya ga maza biyu.

Jikan maƙera: To mai linzami, tunda ta mahaya ce.

Malamar Hausa: 'Yan jarida sun riga mu. Ka ce makami mai linzami a rediyo, mai sauraro roka zai hango tana keta sama. Amma ka kawo mu bargar doki, kuma nan amsar take. Ku nemi hoton Winchester 1873 ku dubi ƙasanta da kyau. Ƙarfe ne zagayayye, a rataye, an yi shi don a zura wani sashe na jiki a yi dogaro da shi. Likkafa ce, sai dai ta hannu. Ina ba da shawarar bindiga mai likkafa.

Mai fassara: Malama, kin sa na tashi zaune. Kakana yana da likkafar tagulla da ba a fito da ita sai ranar hawan sallah, mu yara mu ke goge ta da toka da lemon tsami. Ina zura yatsu ciki in riƙe ina gogewa, riƙon kuwa sak irin wanda Baba ya kwatanta. Abu ɗaya ke min ƙaiƙayi: kalmar ta yi kusa da likkafani.

Tsohon soja: Ai bindiga ce, Malam. Kusancin bai yi ƙarya ba.

Ɗan Maraɗi: Ina gaida manya. Ni ban ƙi likkafa ba, amma ga ƙorafi. Sunan Turancin motsi yake nunawa, naku kuwa siffa. Likkafa ba ta buɗewa ta rufe. Da mai hamma aka ce, ko mai muƙamuƙi, da an kama motsin.

Malamar Hausa: Yaya, jigida ma ba ta gudu cikin bindiga, amma sunan ya zauna daram. Aikin suna ya raba abu da ɗan'uwansa, sauran bayani jimla ce za ta ɗauka. Kuma dubi yadda gidan zai tsaru: mai likkafa, mai famfo, sai wadda ake ɗaga ɗan ƙarfe a gefe a ja baya, irin ta sojojin yaƙin duniya, ita kuma mai sakata, don yadda ake zare sakatar ƙofa haka ake mata. Mai hamma kuwa, ka rubuta a labarin dala miliyan ka ga ko mai karatu ba zai yi dariya ba.

Ɗan Maraɗi: Na sallama. Saura carbine. Mu nan karabin za mu ce, tunda daga Faransanci kalmar ta fito. Sai dai a Faransanci carabine ta fi faɗi, doguwar bindigar farauta ma sunanta ke nan, don haka aron zai rikita mutanenmu.

Tsohon soja: Gajeriya ce ta kan doki. A ƙirar 1873, tsawon hancin cikakkiyar bindigar inci 24 ne, na wannan inci 20, kuma tana da ɗan zobe a gefen hagu da mahayi ke ɗaure ta da shi. Kada a ce ƙaramar bindiga, wannan ta aljihu ce. Mayaƙan doki a wurinmu barade ne. Bindigar barade, shi ke nan.

Mai fassara: Wannan ba gardama. To engraved fa? Na sa "mai sassaƙa".

Jikan maƙera: Nan kuma gonata ce, a ba ni wuri. Sassaƙa ta masassaƙi ce, turmi da kujera da ƙotar fartanya. Abin da ake wa waɗannan bindigogi aikin maƙeran fari ne, masu azurfa da tagulla. Mutum ya riƙe ɗan ƙarfe mai kaifi da 'yar guduma, yana bi a hankali yana cire ƙarfe siriri kamar gashi, har reshe ya fito yana murɗewa kamar yaɗon kabewa, a tsakiya a zana barewa ko ɓauna ko sunan wanda za a ba kyauta. In hannu ya zame sau ɗaya, ba gogewa. Ƙirar 1866 ta fi karɓar wannan aiki, don tsakiyar jikinta tagulla ce mai laushi, launinta ma ya sa suka yi mata laƙabin da ke nufin ɗan rawaya. Gwanayen abin sanannu ne: 'yan gidan Ulrich, su Conrad da John da Herman, da suka yi wa Winchester aiki, da Louis Nimschke, Bajamushen da ya zauna a New York, wanda kan shafa tawada a kan aikinsa ya danna a takarda ya adana. Ta Henry da aka ba Shugaban Amurka Lincoln, mai lamba 6, har ruwan zinariya aka yi mata. Ni zane nake ce masa, kamar zanen ƙwarya.

Malamar Hausa: Zane ya yi yawa a baki, ƙanena. Na ɗaurawa zane, na fuska zane, na bulala ma zane. Ga zayyana, kalmar da alarammomi ke kiran adon da suke yi wa Alƙur'ani rubutun hannu. Ado ne na ƙwararre, mai murɗe-murɗe, wanda ake yi wa abu mai daraja. A ce zayyanar ƙarfe in ana tsoron ruɗani.

Jikan maƙera: Zayyana da alƙalami ake yi, Yaya, ba ta huda takarda. Amma na yarda ta fi daɗin ji, kuma "ƙarfe" ya toshe ɓarakar. Malam mai fassara, ga abin da zai amfane ka. Masu tara waɗannan kaya sun raba zayyanar masana'anta da wadda aka yi daga baya, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne ko kusa. Ta barade bindigar aiki ce, ta sha rana da gumin doki, ba kasafai ake mata ado ba, shi ya sa mai zayyanar asali ke tsada, shi ya sa kuma 'yan damfara ke samun tsohuwa fili su zane ta. Mai saye kan rubuta wa gidan tarihin bindigogi na Cody, a jihar Wyoming, inda kundayen Winchester suke, a duba lambar a aiko masa da takardar yadda ta fita daga masana'anta. Kuma ba a goge ta. Wanda ya bi ta da toka da lemon tsami irin na likkafar kakanka ya kankare rabin kuɗinta da hannunsa.

Mai fassara: Allah ya saka da alheri. Ga yadda jimlar ta zama: "Masu tara kayan tarihi sun fi neman bindigar barade mai likkafa wadda ke da zayyanar masana'anta." Na sake kiran ƙanena na karanta masa, ban yi masa bayanin komai ba. Ya ce, "Wai irin ta kaboyi?" Ya kuma yi motsin da hannu.

Tsohon soja: To a rubuta. Malama, ki riƙe mai sakata da kyau, akwai ranar da za a zo nemanta.