Mai matsalar bawul ɗin zuciya zai iya zuwa Addis Ababa?

Dan_Agege:
Salamu alaikum jama'a, don Allah ina neman shawara. Bara ne na dinga jin zuciyata tana bugawa fat-fat musamman in na kwanta, na je asibiti a Ikeja aka min eko wato hoton zuciya, likita ya ce bawul ɗina na hagu wanda suke kira maitral ne yake ɗan lotsawa baya in zuciya ta matse, MVP suka rubuta a takarda, ya ce kar in damu ko magani bai ba ni ba. To yanzu wurin aikinmu za su tura ni Addis Ababa kwas na sati biyu, wani abokin aikina kuma ya ce garin a kan tsauni yake, shi da ya je kwana biyu yana fama da ciwon kai da haki. Wallahi tun ranar hankalina bai kwanta ba, Hajiyarmu ma cewa take a haƙura da tafiyar. Shin masu irin ciwona sun fi kamuwa da wannan ciwon tudun ne?

Maman_Hanif:
Wa'alaikumus salam ƙanina. Ni nas ce, ina zaune Idi-Araba. Ka kwantar da hankalinka, cikin mutum 100 ana samun 2 zuwa 3 masu MVP kuma yawancinsu ba su ma san suna da shi ba. Ciwon tudu daga ƙarancin iskar shaƙa yake zuwa, in ka hau sama iska tana yin sirara sai jinin ya samu oksijin kaɗan, kuma yana kama kowa har 'yan ƙwallo masu ƙarfi, ba a lissafa MVP maras tsanani cikin abubuwan da ke jawo shi. Yawanci ma sai an haura mita 2,500 yake farawa, Addis kuwa wajen 2,350 ne, bakin iyaka ke nan, sai dai ku mutanen Legas daga gaɓar teku za ku tashi cikin awa biyar ku sauka can, dole jiki ya ji a kwanakin farko.
Abin da ni nake so ka bincika shi ne ko bawul ɗin yana yoyo, wato jini yana komawa baya, kuma yaya yawan yoyon. In kaɗan ne ko babu, ba komai. In mai yawa ne ko bugun zuciyar yana rikicewa, nan ne magana ta canza, don a tudu zuciya tana ƙara gudu kuma jijiyoyin huhu suna matsewa. Ka ɗauki takardar ekon ka koma wurin likitan zuciya kafin ka tafi, tunda an shekara ƙila ma ya ce a sake.

Alhaji_Mile12:
Ni dai na yi shekaru ina saro dankali a Jos ban taɓa jin komai ba sai sanyi.

Maman_Hanif:
Alhaji ai Jos wajen mita 1,200 ne kawai, rabin Addis ke nan. Af na manta, ƙanina ka dinga shan ruwa sosai, ƙishirwa tana ƙara wa masu MVP bugun zuciya, kuma ka yi hankali da shan kofinsu na Habasha, wato gahawa, yana da ƙarfi. Kar ka bi ayari zuwa dutsen Entoto da ke gefen Addis a ranakun farko, ya haura mita 3,000. In ka ji ciwon ƙirji, ko haki kana zaune, ko jiri kamar za ka faɗi, asibiti kai tsaye. Diamox kuma, wato maganin ciwon tudu, kar ka saya a kemis da kanka sai likita ya rubuta.

Dan_Agege:
Allah ya saka da alheri Anti. Na duba takardar yanzu, akwai wurin da aka rubuta yoyon kaɗan ne. Ranar Litinin in sha Allahu zan koma asibitin, kuma da Hajiya zan tafi ta ji da kunnenta.