Fakta uku sun fito a rukunai biyu: ya isa in kwatanta matsakaicin maki?

Mai_Nazari:
Assalamu alaikum malamai. Takardar tambayoyi ce mai tambaya 18, amsa mataki biyar, an ba rukunai biyu, mutum 420 da mutum 310. Na yi nazarin fakta, kowane rukuni ya fitar da fakta uku (ɓoyayyun halaye da tambayoyin ke aunawa), ma'aunin dacewa na Tucker, mai auna kamannin fakta tsakanin rukunan, kuma ya ba da 0.96, 0.93 da 0.88. Wannan ya isa in ce abu ɗaya ake aunawa, in kwatanta matsakaicin makinsu?

Alƙalumma:
Wa alaikumus salam. Bai isa ba, malam. A ƙa'idar Lorenzo-Seva da ten Berge ta 2006, daga 0.95 zuwa sama ake ɗaukar fakta biyu a matsayin ɗaya, 0.85 zuwa 0.94 kama ce kawai. Ke nan guda ɗaya tak ya tsallake. Kuma ka duba ko ka juya nauyin rukuni ɗaya (ƙarfin alaƙar kowace tambaya da fakta) zuwa ga na ɗayan da juyin Procrustes, mai daidaita su iya yiwuwa, kafin lissafi, domin bambancin juyi kaɗai yana rage adadin.

Babbar matsalar ma ba nan take ba. Ma'aunin yana duba siffar nauyi ne, bai damu da girmansa ba. Ɗauki 0.8, 0.6, 0.4 ka gwama da 0.4, 0.3, 0.2: zai ba ka 1.00 cif, alhali na biyun rabin na farko ne. Sauya jerinsu kuma, 0.8, 0.6, 0.4 da 0.4, 0.6, 0.8, za ka samu 0.86, duk da tambayar da ta fi ƙarfi a nan ita ce mafi rauni a can. In duk nauyin ba su da alamar ragi, adadin kumbura yake yi.

Hajiya_Ƙididdiga:
Gaskiyar Malam Alƙalumma ce. Abin da kake buƙata shi ne CFA (nazarin tabbatar da fakta) na rukunai da yawa, hawa-hawa. A lavaan, kunshin manhajar R: fara da samfuri ɗaya ga rukunan biyu, kowa da tasa ƙimar. In ya zauna, ɗaure nauyi, wato ka sa su zama daidai a rukunan biyu, da group.equal. Daga nan ɗaure mafarin kowace tambaya (intercept, wato makinta idan fakta tana sifili). Sai wannan hawa na uku ya tsaya kake da ikon kwatanta matsakaici. Na biyu yana ba ka damar kwatanta alaƙar fakta da wasu abubuwa ne kawai.

A kowane hawa duba faɗuwar CFI, ma'aunin dacewar samfuri da bayanai. Cheung da Rensvold a 2002 sun sa iyaka a 0.01, Chen a 2007 ya ƙara da kada RMSEA, ma'aunin kuskuren samfuri, ya hau da 0.015. Kada ka dogara da gwajin kai-sukwaya (chi-square) shi kaɗai, da mutum 730 ƙaramin bambanci ma sai ya kama shi.

Idan hawa ya rushe, kada ka yar da aikin. Nemo tambayar da ta jawo da lavTestScore, ka sake ta da group.partial, ɗaya bayan ɗaya, kana sake gwadawa. Amma ka karanta tambayar da idonka. Sau da yawa kalma ɗaya ce rukunan suka fahimta daban.

Ɗan_Lissafi:
Abu ɗaya, Hajiya: amsarsa mataki biyar ce. In amsoshin sun taru a gefe guda, ya yi amfani da WLSMV, hanyar ƙiyasi ta amsa mai matakai, ya fara ɗaure iyakokin da ke raba matakan amsa kafin nauyi, kamar yadda Wu da Estabrook suka nuna a 2016. Waccan iyakar ta 0.01 kuwa da ML, hanyar ƙiyasi ta gama-gari, aka fitar da ita, ba a ɗauke ta gaba gaɗi a nan.

Mai_Nazari:
Na gode ƙwarai. To idan da wani binciken da aka buga zan gwama fa, teburin nauyi kaɗai suka kawo?

Hajiya_Ƙididdiga:
Nan iyakarka Procrustes da Tucker, kuma iyakar abin da za ka ce shi ne siffar ta yi kama. In sun buga teburin alaƙar tambayoyi tare da matsakaici, karkacewar kowace tambaya (standard deviation) da yawan mutane, lavaan zai karɓa ta sample.cov, sample.mean da sample.nobs, ka yi hawa ukun da ML. In babu, rubuta musu ka roƙi bayanan.