Ta yaya sanarwar makaranta za ta isa ga iyayen da ba su da WhatsApp?

Assalamu alaikum malamai da daraktocin makarantu. Ga matsala daga wata firamare a nan Maradi: an sake raba unguwanni, wasu yara za su koma makarantar da ta fi kusa da gidajensu, kuma dole iyaye su sani kafin komawa aji a watan Oktoba.

Jerin aika saƙo na WhatsApp mutum 256 kawai yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambar makaranta a wayarsa ba, saƙon ba ya zuwa masa. Rukuni kuwa cike yake da gaisuwa da tallan atamfa, sanarwa ta nutse. Yawancin iyaye mata ma ƙaramar waya gare su.

SMS ya fi isa, amma da an saka ƙ ko ɗ, saƙo ɗaya ya faɗo daga haruffa 160 zuwa 70, kuɗi ya ninka. Takarda kuma a jakar yaro take kwana.

Wa ya gwada rediyo, ko sanarwa a masallatai ta hannun mai unguwa? Kuma yaya ake tabbatar da cewa kowane uba ya ji, tunda maganar canjin makaranta ce?