Shawarwarin da aka bayar kan kamfanoni da bayanan mutane

To jama'a, abin da aka fi nanatawa shi ne shugabannin kamfani su daina barin maganar kare bayanan mutane a hannun yaran kwamfuta kaɗai, don dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wato GDPR, tun 2018 tana bin ka duk inda kake in kana ciniki da mazauna can, tarar ma har kashi 4 cikin ɗari na cinikin shekara, ga Meta nan, mai Facebook, a 2023 an ci ta yuro biliyan 1.2 saboda kwashe bayanai zuwa Amurka. Wata shawarar kuma ita ce in an muku kutse ku sanar da hukuma cikin awa 72, banda ɓoye-ɓoye. Sannan a tambayi ƙasar da bayanan za su zauna kafin a sa hannu a kwangila, gaskiya wannan ta fi kama ni.