Wai ana iya auna juriyar mutum in yana ƙoƙarin canza halinsa saboda lafiya?

Maman_Hanifa:
Salam 'yan uwa. Likita ya ce jinina ya hau, in rage gishiri in dinga tafiyar minti 30 kullum. Na yi sati uku lafiya lau, sai yarinyata ta kwanta rashin lafiya, yau kwana tara ban taka ko'ina ba, takalman ma suna nan bayan ƙofa sun yi ƙura. Wallahi ji nake ni dai ba ni da juriya. Akwai yadda ake auna abin nan ne, ko mutum a jikinsa yake ji?

Abu_Sadiq:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Akwai kam. Wasu masana Connor da Davidson sun fitar da takardar tambayoyi a 2003, tambaya 25 ce, kowace ki ba kanki maki daga 0 zuwa 4, in an haɗa iyakarsa 100. Akwai wata gajeriya ta 2008 mai tambaya 6 kacal, ita abin da take nema shi ne in abu ya kayar da ke yaya saurin tashinki. Matsalar dai ke ce mai ba kanki makin, in kin cike ta yau da ranki yake a ɓace danne kanki za ki yi.

Anti_Zee:
Haba Maman Hanifa, jinya fa kika yi! Sati uku ma ai abin bai gama zama jiki ba. A wani bincike da aka yi a jami'ar UCL ta Landan, tsaka-tsakin mutanen sai da suka kai kwana 66 kafin sabon hali ya bi jikinsu, wani 18 wani har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rusa musu komai ba.

Baban_Khalil:
Ni da na bar sigari da farko kwanakin da ban sha ba nake ƙirgawa, in na karya sai in ce shikenan an koma sifili, in sayi kwali guda. Daga baya na koma rubuta abu ɗaya a bayan kalanda, kwana nawa na ɗauka kafin in dawo hanya. Karon farko wata biyu, na biyu kwana goma, na ƙarshe washegari na jefar da ragowar. Wannan lambar da take raguwa ita na yarda da ita fiye da kowace takarda. Ki rubuta 9 ɗinki yau, 'yar uwa.

Maman_Hanifa:
Na gode sosai, Allah ya saka. Na rubuta. Gobe da safe zan fita ko na minti goma ne, yarinyar ma ta fara cin abinci.