Wai ƙwayar cuta ce za ta kwantar da kumburin hanji?

Maman Hanif: Ni fa raina a ɓace yake. Wata shida ina fama da kumburin hanji, likita ya ce yawan shan antibayotik ya kashe min ƙwayoyin cuta masu amfani na cikina. Na faɗa a gida, aka mayar da ni abin dariya. Alhali ƙwayoyin nan ne ke narkar da harzar abinci, su fitar da sinadarin butiret da bangon hanji ke rayuwa da shi, har kumburi ya lafa.

Abu Sadik: Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya. Amma cuta kuma mai amfani? Yaushe cuta ta zama ƙawa?

Malam Bala: Sunan ne ya ja musu. A ce bakteriya. Akwai wata Faecalibacterium, masu cutar Crohn, wani nau'in kumburin hanji, ana samun ta ragu a hanjinsu.

Abu Sadik: Ko wane suna ka raɗa mata, Malam, kura ba ta zama tunkiya.

Zulai: Kai dai in ba ka musa wa Malam ba, barci ba ya ɗaukarka.

Abu Sadik: Anti Zulai, ba da ke nake ba. Ƙanina olsa ta kusa kai shi ƙasa, kuma bakteriyar ce aka ce.

Malam Bala: Waccan Helicobacter ce, mazauninta tumbi. Likitoci biyu, Marshall da Warren, suka gano ta, suka samu kyautar Nobel a 2005. Mu hanji muke magana.

Nasiru: Olsa ai yunwa ce ke kawo ta, kowa ya sani.

Zulai: Kowa wa? Kai da wa?

Nasiru: Ki iya bakinki, na girme ki.

Abu Sadik: To tumbi da hanji ba duk ciki ba ne?

Maman Hanif: Ikon Allah. Ni ko wanda ya tambaye ni yadda na kwana babu.

Zulai: Bari in taƙaita wa waɗanda suka shigo yanzu. Malam ya kawo hujja da sunaye da shekara. Abu Sadik ya kama kalma ɗaya ya ƙi saki, Yaya Nasiru kuma shekarunsa ya kawo mana. Maganar Malam ce ta tsaya. Maman Hanif, sannu, ya jikin?